Sawun Wutar Motar Likita

Motar Likitan dabbobi ta ƙone da hantsi a tsakiyar garejinmu, kowa yana kallo. Ina shagona na kayan gyara a bakin ƙofa ina jera fulogogi, sai na ji injinta yana juyawa da ƙyar. Likita ya saki makulli, ya sake murɗawa, wannan karon ya riƙe bai saki ba. Can sai hayaƙi ya fara tsattsafowa ta gefen bonet. Kafin a kawo yashi da bokitai gaban motar ya riga ya tafi. Likita ya tsira da jakar alluransa da gira ɗaya.

Ba a gama kashe wutar ba aka samo mai laifi. Mutanen garejinmu sai su yi mako guda suna laluben abin da ke damun mota, amma wajen gano mai laifi ba su da na biyu. Mai fenti ne ya fara.

"Ni da kunnena na ji shi jiya," in ji shi. "Likita yana yi masa faɗan jinkiri, ya ce, ka tafi abinka, yau ɗin nan sai na sa wa motar nan wuta."

Wanda ake nufi shi ne Rewaya, mai gyaran wutar mota, ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya, ni na goye shi. Shekara goma sha shida yana faɗin wannan magana a garejin nan. In ya ce zai sa wa mota wuta, kowa ya san wutar batir yake nufi, wadda ke kunna fitila ta tayar da inji. Amma ranar nan ga toka a ƙasa ga ƙauri a hanci, sai kalmar ta juya a bakin mutane. Na ce musu ku ji tsoron Allah, wace wutar kuke nufi? Babu wanda ya saurare ni.

Shugaban gareji, wani babban bakanike mai ƙaton ciki da murya, ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya tuna wa kowa dokar ƙungiya: duk wanda ya lalata motar mai kawo gyara da gangan, a rushe rumfarsa, a miƙa shi ga hukuma. Ya ce bayan la'asar za a zauna a yanke. Kafin nan aka kulle ƙanena a sito, wai don kada a taɓa lafiyarsa. Na ga fuskarsa lokacin da suke tura ƙofar, kuma wallahi zuciyata ta karye. Rumfar nan ita ce abincin 'ya'yansa huɗu da maganin Innarmu da ke kwance a asibiti.

* * *

Likita ya koma gefe ya yi waya. Kafin azahar ga wani tsoho siriri ya sauka daga bayan babur, da sanda da takalmin taya. Likita ya ce wannan shi ne Kai-ƙasa, mai bin sawu, wanda makiyaya ke kira in an kore musu shanu. Sunan ya bi shi, don tun daga ƙofa har tsakiyar gareji bai ɗaga ido ya dubi kowa ba.

Gaskiya na raina shi. Na ce a raina, mota ta ƙone an kawo mana mai neman shanu.

Ya zagaya motar sau biyu, ya yi tsaki. "Kun kashe ƙasar nan," ya ce. "Ƙafa hamsin, ga ruwa ga yashi. Ko giwa ce ta wuce nan ba zan gane ba." Ya juyo ya dubi ƙafafuna. "Ke ce 'yar'uwarsa? Tun ɗazu kike kai da komo tsakanin nan da ƙofar sito. Zo ki riƙe mini sanda, ɗiyata, ki kuma riƙe bakinki."

Na karɓi sandar. Na biyun kam ban yi alkawari ba.

Wajen Mai fenti muka fara zuwa, domin an tsinci gwangwanin tina, ruwan da ake sirka fenti da shi, kusa da tayar motar ta baya. Tina kuwa ba ta wasa da wuta. Mai fenti ya hau rantsuwa tun ba a tambaye shi ba.

"Kuna shiri da Rewaya?" Kai-ƙasa ya tambaye shi.

"Ina fa shiri, Baba. Mutum ne in na fesa fenti mai kyau, sai ya zo da sanfefa ya kankare mini wuri har sai ƙarfe ya fito fari, wai zai ɗaura waya. Na yi magana har na gaji."

Na ce to ga shi nan, ga gaba ga tina, me ake jira? Tsohon bai kula ni ba. Ya durƙusa ya ɗaga gwangwanin da yatsa biyu. Ƙarƙashinsa ciyawa ce ta yi fari ta kwanta, cikinsa kuma gizo-gizo ya yi saƙa.

"Wannan ya fi wata guda a nan," ya ce. "Malam, kai ƙazami ne, amma ba kai ka ƙona mota ba."

Mai walda ma bai ɗauke mu minti biyar ba. Rumfarsa ce mafi kusa, kuma tartsatsinsa ya taɓa ƙona wa wani kujera. Amma injin waldarsa a kwance yake gunduwa-gunduwa a kan buhu tun shekaranjiya, ƙura ta rufe shi. Muka baro shi yana yi mana dariya, rana kuwa tana ta tafiya.

* * *

Daga nan Kai-ƙasa ya ce a buɗe masa sito. Ƙanena yana zaune a kan tsohuwar taya, idanunsa sun kaɗa. Ya gan ni ya ce, "Yaya, kada ki bari Inna ta ji." Na ce ba za ta ji ba. Tsohon ya zauna a ƙasa gabansa.

"Ɗana, ni ban san mota ba. Ka yi mini bayani kamar ƙauyen da na fito. Wutar nan taku, tafiya take yi?"

"Tafiya take yi, Baba. Daga batir take fita ta jar waya, ta je ta yi aikinta, ta juya inji ko ta kunna fitila, sannan dole ta koma batir. In ba ta samu hanyar komawa ba, ba aiki."

"Ta ina take komawa?"

"Ta jikin ƙarfen motar. Amma ƙarfen kashi uku ne. Ga inji, ga shasi, wato ƙashin bayan motar, ga bodi. Inji a kan roba yake zaune, bodi ma haka, roba kuwa ba ta ba wuta hanya. Shi ya sa ake haɗa su da waya mai kauri ta jan ƙarfe, ita muke kira at. Ni uku nake sakawa. Ɗaya daga batir zuwa shasi, ɗaya daga shasi zuwa inji, ɗaya daga shasi zuwa bodi. Kowane wuri sai na kankare fenti da tsatsa, na ɗaure tamau, na shafa giris, na ɗiga fenti ruwan ɗorawa sau uku a bakin wayar don in gane aikina. Jiya da azahar na gama, kik ɗaya ta tashi. Yaya tana wurin. Daga nan muka rufe muka tafi asibiti wajen Inna."

"To in aka cire ta injin?"

Ƙanena ya dubi tsohon. Na ga wani abu ya motsa a fuskarsa.

"Ai ba za ta haƙura ba," ya ce a hankali. "Wutar tayar da inji tana da yawa. Za ta nemi duk wani ƙarfe da ya taɓa injin ta bi. Kebul ɗin totur mai buɗe wa inji mai, ko wani siririn bututu. Su kuma ba za su iya ɗaukarta ba, sai su yi ja wur. Kebul ɗin totur na motar Likita kuwa dab da tiyon mai ya wuce."

Kai-ƙasa ya yi murmushi, karo na farko. "Ashe shanu ne. In aka toshe musu burtali ba sa fasa komawa gida, gonar mutane suke ratsawa. To tashi tsaye a zuciyarka, ɗana. Duk abin da ke fita ya koma gida yana barin sawu."

* * *

Muka koma wajen motar. Ya sa Mai walda ya ɗaga bonet da ƙarfe, ya ce in nuna masa wayoyin, tunda sayar da su nake yi. Ta farko tana nan, ta yi baƙi amma tana nan. Ta bodi ma haka. Ya ce a kwance ɗaya. Da Mai walda ya kwance notin ya ɗaga bakin wayar, sai ga ƙarfe fari tas a ƙarƙashi, hayaƙi bai taɓa shi ba.

"Ina ta ukun?"

Na leƙa gefen injin, na leƙa shasi. Ga wurin da ƙanena ya kankare, zagaye kamar kwabo, amma babu waya babu noti.

"Ƙila narkewa ta yi," in ji Mai walda.

"Ta narke ta bar 'yan'uwanta? Har da notin?" Tsohon ya ciro tsinke daga aljihu, ya zura cikin ramin notin ya juya, ya zaro shi baƙi ƙirin. "Da noti yana ciki lokacin gobara, da hayaƙi bai shiga ba. An cire wayar nan tun motar tana lafiya."

Sannan ya bi kebul ɗin totur da yatsa, tun daga injin har inda ya shige bango. Robarsa ta tafi duka, ƙarfen ciki ya yi shuɗi ya manne da rigarsa, wani wuri ma ya tsinke ya dunƙule. Inda ya gifta tiyon mai, nan ƙunar ta fi ko'ina zurfi. Ni da na shekara ashirin ina sayar da kebul ban taɓa ganin wanda ya ƙone daga ciki ba sai ranar.

Na ce, "To Baba, mu je mu gaya musu."

"Mu gaya musu me? Za su ce shi ya cire da hannunsa. Sawun wutar muka gani, saura na mutumin." Ya karɓi sandarsa. "Waya irin wannan, wa take yi wa amfani?"

"Mai sayen jan ƙarfe, ko wanda tasa ta ruɓe."

"In ta ruɓe yaya mota ke yi?"

"Ba ta tashi da makulli sai da turi."

Ya sunkuyar da kai ya bar wurin gobarar, ya bi bayan rumfuna inda masu gareji ke ajiye motocinsu, wurin da jama'a ba su tattake ba. Ya daɗe yana tafiya a hankali kamar mai neman allura. A gindin bishiyar da ke can ƙarshe ya tsaya, inda wata tsohuwar mota ruwan toka take.

"Zo ki gani, ɗiyata. Ga sawun tayarta tana fita. Wannan na kwana uku ne, wannan na shekaranjiya, kin ga kaji sun bi ta kai. Dubi tsakanin tayoyin. Ƙafar mutum uku, yatsu sun nutse, dunduniya ba ta taɓa ƙasa ba. Masu turi ke nan. To ga na jiya da yamma, shi ne a sama. Nuna mini ƙafa ɗaya."

Na duba, na sake dubawa. Yashi ne sumul tsakanin layi biyu.

"Motar wa ce?"

Duk garejin nan babu wanda bai san motar ba, har suna muka sa mata, Ku-taimaka. Wata biyu ke nan kullum da yamma sai an tura ta. Ƙanena ya sha gaya wa mai ita cewa at ɗin injinta ce ta ruɓe, shi kuma ya ce shekara talatin yana kwance inji, ba mai ɗaura waya ne zai koya masa mota ba.

Na ce, "Ta Shugaba ce."

* * *

Bayan la'asar aka taru a gindin bishiyar, domin Kai-ƙasa ya ce ƙafafunsa sun gaji, nan ne akwai inuwa. Aka fito da ƙanena aka tsayar da shi a tsakiya. Shugaba ya zauna a kan benci, ya fara jawabi a kan amana da sunan gareji. Ina jin sa ina haɗiye magana.

Da ya numfasa, tsohon ya ce, "Ranka ya daɗe, kafin a yanke, ina da roƙo. In an gama ina so a rage mini hanya zuwa tasha. Wannan taka ce? Tana tashi kuwa?"

Mutane suka fashe da dariya. Mai fenti ya ce, "Baba, in Ku-taimaka za ka hau, gara ka fara tafiya a ƙasa."

"Jiya kam ba mu tura ba," in ji Mai walda. "Na ɗauka batir ya saya."

"A gwada mana ita," in ji Likita.

Shugaba ya ce wannan ba shi ne abin da ya tara mu ba. Likita ya maimaita, a hankali. Babu yadda Shugaba zai yi, ya shiga ya murɗa makulli. Kik ɗaya ta tashi, har da wani rugugi. Dariyar ta tsaya.

"Ma sha Allah," in ji Kai-ƙasa. "Me ka yi mata?"

"'Yan gyare-gyare."

"A buɗe mu gani, mu ma mu ƙaru."

Ban jira kowa ba, ni na ja bonet ɗin da hannuna. Ga ta nan a gefen inji, sabuwa fil, saƙaƙƙen jan ƙarfe yana ƙyalli a cikin wannan datti, giris ɗin ƙanena bai ma bushe ba. A bakinta ɗigo uku na fenti ruwan ɗorawa. Likita ya ɗauko wayar da aka kwance daga motarsa, ya goge bakinta da babban yatsa, ya kara su. Ɗigo uku a nan, ɗigo uku a can.

Kai-ƙasa ya yi musu bayani a taƙaice, ramin noti da kebul ɗin totur da sawun masu turi. Sannan ya ce, "Ni aikina ya ƙare. Sawu ya kawo ni nan, ga mai ƙafar a zaune."

Shugaba ya kashe motar, ya fito yana share gumi da hula. Muryar nan tasa duk ta shige ciki.

"Aro na yi," ya ce. "Jiya da yamma na ga ba kowa, shagon yayar Rewaya kuma a rufe. Na ce in gwada in gani ko maganarsa gaskiya ce, ba tare da ya sani ya yi mini dariya ba. Na ga guda uku ce, na ce ɗaya ba za ta hana komai ba, ai duk ƙarfe ne a haɗe. Na yi niyyar mayarwa da safe, Likita ya riga ni zuwa."

Nan fa alkawarin da ban yi ba ya ƙare. Na ce, "Aron na ji shi. Kullewar fa? Ka tsaya a gabanmu da wayarsa a cikin motarka, ka sa aka tura shi sito, ka ce a rushe rumfarsa. Da tsohon nan bai zo ba, da yanzu kana can gida kana cin abinci, shi yana hannun hukuma. Shekara talatin kana kwance inji, ba ka san a kan roba yake zaune ba?" Na faɗi wasu maganganun ma da ba zan maimaita ba, kuma har yau ban yi nadamar ko ɗaya ba.

Dattawan ƙungiya suka keɓe, ba su daɗe ba. Suka ce ƙonawar ba da gangan ba ce, wannan tsakaninsa da Likita da hukuma. Amma ɗora wa marar laifi da gangan ne, don haka ya sauka daga shugabanci, ya kuma kwashe kayansa daga garejin kafin mako ya zagayo. Mai fenti ya zo yana sosa ƙeya, ya ce wa ƙanena ya yafe masa, daga yau ya kankare duk inda ya ga dama.

Likita ya kama hannun ƙanena a gaban kowa, ya ɗaga murya yadda na bayan rumfa ma zai ji.

"In na samu wata motar, nan zan kawo ta. Kai za ka sa mata wuta."

Gareji ya kaure da dariya da tafi. Ƙanena yana dariya hawaye yana zuba, ni ma haka, ban ɓoye ba. Daɗin da na ji ranar ban taɓa jin irinsa ba.

Sai ya share ido, ya ari sifana daga hannun Mai walda, ya sunkuya cikin Ku-taimaka. Juyi huɗu ya kwance wayarsa, ya naɗe ta, ya miƙa wa Likita, ya rufe bonet ɗin a hankali.

Shugaba ya shiga ya murɗa makulli. Ƙas. Ya sake. Ƙas. Ya leƙo ta taga ya dubi mutanen da suka yi wata biyu suna tura shi, kowa ya sami abin kallo a wani wuri. Daga ƙarshe ya fito, ya kama sitiyari da hannu ɗaya, ya kafa kafaɗa a jikin ƙofa, ya fara turawa yana nishi.

Na raka Kai-ƙasa bakin ƙofa, na ce ya yafe mini rainin da na yi masa da safe. Ya ce ai ya gani tun daga yadda na tsaya. Sai ya nuna mini ƙasa da sandarsa, inda motar ta bi ta fita.

"To karanta mini wannan, ɗiyata."

Na duba da kyau. Na ce, "Ƙafar mutum ɗaya ce, Baba."